Injin Ta Iso

Akwai wani malamin sakandare a Kontagora mai suna Muhyiddin. Hausa yake koyarwa, kuma gaskiya ya iya ta. Idan ya buɗe baki sai ka rantse rediyo aka kunna. Matsalar dai ita ce, rediyon nan ba wanda ya san inda ake kashe shi.

Kada ku yi masa mummunar fahimta, mutumin kirki ne. Yana da zumunci, hannunsa a sake yake, kuma idan ya ɗauki hidimar jama'a har abinci mantawa yake yi. Amma a wurin taro, kafin ka kai rabin maganarka ya riga ya ƙarasa maka ita, ya ba ta amsa, ya wuce wata.

Malam Muhyiddin ya gaji gona a wani ƙauye da ake kira Tungan Gwanda, kan hanyar Beri. Saboda gonar nan ya saba da mutanen wurin da na wasu ƙauyuka biyu da ke maƙwabtaka da su. Ya san wahalar da matansu ke sha. Su turara shinkafa, su shanya, su nemi babur ya kai ta har Kontagora, su wuni a layin injin casa, su dawo gida a gajiye.

Rannan sai ya ji wata ƙungiya mai tallafa wa manoma za ta ba da injin casar shinkafa kyauta. Ai kuwa bai zauna ba. Ya yi ta zarya ofishinsu har masu gadi suka san ƙarar babur ɗinsa. Daga ƙarshe jami'ar ƙungiyar, Madam Agatha, ta kira shi.

Ta ce, "Malam, injin naku ne, amma da sharaɗi. Ƙauyukan nan uku su yarda da wuri ɗaya, su gina masa ɗaki da hannunsu. Ƙarshen wata zan zo da motar. In na tarar da ɗaki, mu sauke. In ban tarar ba, akwai wasu a Rijau suna jira, can zai wuce."

Malam ya dawo gida bakinsa har kunne. Tun daga zaure ya fara ba matarsa Rauda labari, bai ma cire takalmi ba. Ya zana mata ɗakin a iska, ya nuna mata inda ƙofa za ta kalla, da inda mata za su zauna.

Rauda ta taya shi murna sosai. Da ya ɗan tsaya shan ruwa sai ta samu ta ce, "Malam, in an je taron, don Allah ka bari su ma su ce wani abu."

Ya ce, "Haba Rauda, ni da na kawo musu alheri? Me ya rage a ce?"

Ranar taro filin makarantar firamare ta Tungan Gwanda ya cika. Maza a kan benci, mata a kan tabarmi a gindin mangwaro, samari a tsaye a baya. Da Malam ya faɗi labarin injin, aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Da a nan ya tsaya ya zauna, da labarin nan bai kai ga shafinmu ba.

Sai ya ci gaba. Ya ce ya riga ya zaɓi wuri, gefen gonarsa da ke bakin kwalta, ƙetaren rafi, kuma ya ba da filin kyauta. Ya ce ya zaɓi ranar gayya ma, Lahadi da safe, tunda ranar ba makaranta.

Abokinsa Filibus, wanda suka yi sakandare tare kuma yanzu yake noma a ƙauyen, ya ɗaga hannu. "Abokina, Lahadi kuwa..."

"Na sani, Filibus, ranar kowa yana hutu. Shi ya sa na zaɓe ta."

Limamin ƙauyen ya gyara murya. "Malam, batun filin nan naka..."

"Allah gafarta Malam, na san abin da za ka ce. Ba sai an biya ni komai ba, sadaka na bayar."

Liman ya dube shi, ya mayar da hankalinsa kan carbinsa.

Sai Mama Fure ta miƙe. Bakambariya ce, dattijuwa mai ƙarfin jiki, ita ce shugabar mata masu turara shinkafa a ƙauyukan uku. Hausa ba ita ta sha a nono ba, a kasuwa ta koye ta, amma duk wanda ya taɓa ciniki da ita ya san Hausar tata tana isarta har da ragowa.

Ta ce, "Malam, mun gode, Allah ya saka. Amma injin nan, idan ta zauna a ƙetare..."

"Ya zauna, Mama," in ji Malam yana murmushi. "Inji namiji ne."

Wasu samari a baya suka ƙyalƙyale da dariya. Mama Fure ta sake farawa. "Idan ta... idan ya zauna..."

"Yawwa, haka ake cewa. Kuma kada ki damu, Mama, wurin yana da tsaro."

Mama Fure ta dube shi na ɗan lokaci. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta koma kan tabarma ta zauna. Abin da ta ce kawai shi ne, "To."

Malam ya juya ga jama'a cikin nishaɗi. "Ke nan kowa ya yarda?"

Aka amsa masa, "To."

Jama'a, ku da kanku kun san "to" iri-iri ce. Akwai "to" ta na yarda. Akwai "to" ta na ji. Akwai kuma wadda ake ja a hankali, mai nufin ka gama mu tashi, za ka gani. Abin mamaki, Malam Muhyiddin yana koyar da wannan a aji, har jarrabawa yake yi a kai. Ranar dai kunnensa bai tantance ba, don muryar kansa ta cika shi.

Lahadi da sassafe ya ɗauko hayar motar a-kori-kura. Rauda ta dafa shinkafa da wake tukunya guda, ta dama kunun zaƙi jarka biyu. Suka iso fili, Malam ya kafa turaku, ya ja igiya, ya tsaya yana duban hanya.

Rana ta ɗaga. Ba kowa sai wasu awaki da suka zo duba tukunyar Rauda. Malam ya ce ai mutanen ƙauye ba sa kula da lokaci. Can sai iska ta kawo musu sautin ganga da waƙa daga ƙetaren rafi.

Ya yi farin ciki. "Kin ji? Ga su nan tafe da kiɗa."

Rauda ta saurara, ta ce a hankali, "Malam, wannan waƙar coci ce. Yau Lahadi."

Ya zauna a kan jarkar kunu, ya cire hula.

Bayan azahar Filibus ya ƙetaro, sanye da kayansa na zuwa coci, ya naɗe wando har gwiwa. Ya gaida Rauda, ya zuba shinkafa a faranti, ya zauna kusa da abokinsa.

Malam ya ce, "To na ji, ku kuna coci. Su Liman fa? Su ma cocin suka je?"

Filibus ya ce, "Ka ga wandona? Ruwan rafin nan yanzu ma ya kusa cinya. Abin da Liman ya so ya faɗa ke nan, ka ce masa sadaka ka bayar. Ni na so in ce Lahadi muna ibada, ka ce mini hutu. Mama Fure kuwa, har yau ba wanda ya san abin da ta tashi faɗa, don ka tsaya duba ko inji namiji ne."

"Amma ai kowa ya ce to."

"Kai ne malamin Hausa, ni manomi ne. Ka tuna yadda suka faɗe ta."

Filibus ya ƙara da cewa, "Kuma bari ka ji. Matan ƙauyukan nan, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, in Mama Fure ta zauna, sun zauna. In suka zauna kuwa, ka san mazansu ba inda za su."

Suna cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Madam Agatha ce, tana tambayar ko an fara gini, don masu jira a Rijau sun dame ta. Malam ya dubi turakunsa huɗu da igiya da awaki, ya ce, "Muna kan shiri, Madam." Kunya ta kama shi har muryarsa ta canza.

Washegari da aka tashi daga makaranta bai ko biya gida ba, sai gidan Mama Fure. Ya tarar da ita a bakin murhu tana turara shinkafa, tururi na tashi. Ya yi sallama, ya durƙusa.

Ta ce, "A'a, Malam ne? Ka zo ƙarasa mini karatun?"

Ya ce, "Mama, haƙuri na zo bayarwa. Na kunyata ki a gaban 'ya'yanki, alhali ke kika san shinkafar nan, ni sai dai ci."

Ta tura itace cikin wuta. "Malam, a yarenmu ba mu raba wa kaya maza da mata. Tukunya tukunya ce, inji inji ne. Na tsufa a haka. Amma ka ji ni ko ba ka ji ni ba?"

"Na ji ki, Mama. Saurara ce ban yi ba. Don Allah faɗa mini abin da kika so faɗa."

Ta girgiza kai. "A taro na tashi, a taro zan faɗa. Ba ni kaɗai ka katse ba. Ka sake tara mutane."

Aka sake tara mutane. Wannan karon ba guɗa, ba tafi, kowa ya zo ne ya ga abin da zai faru. Malam ya roƙi Filibus ya jagoranci zaman. Filibus ya yarda, amma ya iso da wani dogon rake a kafaɗa, ya miƙa masa.

"Na mene ne wannan?"

"Maganinka ne. Duk lokacin da wani ke magana ka ji taka ta taso maka a wuya, ka gartsa. In kana da ta cewa, ka ɗaga hannu kamar ɗalibanka."

Malam ya miƙe ya yi sallama, ya ce, "Wancan karon na yi magana, ban saurari kowa ba. Ku yafe mini. Yau na zo ji ne." Ya zauna. Mutane suka dubi juna, don ba su taɓa jin ya yi jawabi gajere haka ba.

Wurin ya yi tsit. Shirun nan ya fi ƙarfin Malam. Bakinsa ya fara motsi, Filibus ya harare shi, ya kai rake baki ya gartsa.

Liman ne ya fara. Shi kuwa mai jan magana ne, sai ya faro daga zamanin kakansa kafin ya iso rafi. Malam ya riga ya hango inda za a, ƙarshen maganar na kan harshensa. Ya sake gartsawa. Da Liman ya kai ƙarshe sai ga abin da Malam bai hango ba. Ashe akwai katakon da ya ragu na ginin masallaci, kuma in wurin ya yi wa kowa, za a ba da shi.

Sai Mama Fure ta miƙe. Ta dubi Malam ido cikin ido, ta ce, "Injin nan, idan ta zauna a ƙetare..." Ta tsaya tana jira.

Ƙaras! Ƙarar raken har bayan fili aka ji ta. Dariya ta ɓarke, Mama Fure ma ta murmusa, kuma daga nan zaman ya saki.

Ta ce lokacin da shinkafa ke shigowa gida, rafi bai gama janyewa ba. Mace da kaya a ka, da goyo a baya, ba za ta shiga ruwan nan safe da yamma ba. Bara ma ruwa ya ƙwace wa surukarta Salome kwanon shinkafa, da ƙyar aka riƙo ita kanta. Ta ce in an kai injin ƙetare, na masu mota ne, ba nasu ba.

Mata suka amsa gaba ɗaya. Malam kuwa kullum a babur yake zagayowa ta kan gadar kwalta da ke can nesa, bai taɓa tsoma ƙafa a ruwan ba.

Daga nan baki ya buɗe. Mutanen kowane ƙauye suka ce a kai injin wurinsu. Murya ta fara tashi, wani ya tuno da rigimar iyakar gona da aka daɗe da binnewa, wasu suka fara kakkaɓe riga za su tafi. Filibus yana ta cewa a yi haƙuri, ba mai jin sa.

Sai aka ga Malam ya ɗaga hannu. Bai yi magana ba, hannun kawai ya ɗaga, guntun rake na ɗaya hannun. Ganin malami guda yana jiran izini ya sa mutane suka fara taɓa juna, har aka yi shiru. Filibus ya ba shi dama.

Ya ce, "Bari in maimaita abin da na ji, in na yi kuskure ku gyara mini. Mama ta ce kada mata su ƙetare ruwa. Liman ya ce akwai katako in wurin ya yi wa kowa. Kowane ƙauye yana tsoron a yi masa nisa. Haka ne?"

Aka ce haka ne.

"To tambaya nake da ita, don ban san dajin nan kamar ku ba. Akwai wurin da hanyoyinku uku suka haɗu a wannan gefen?"

Wani manomi mai suna John, wanda bai ce uffan ba a taro biyun, ya ɗaga hannu shi ma. Ya ce akwai, mararrabar gindin ɗorawa, kuma faƙon da ke wurin nasa ne, ba ya nomuwa. In ana so ya bayar.

Wurin ya kaure da hayaniya, irin ta murna. Malam ya sake ɗaga hannu, ya ce abu ɗaya ke damunsa, babbar mota ba za ta iya shiga mararrabar ba, yaya suke gani? Samarin nan da suka yi wa Mama Fure dariya suka ce a bar musu wannan, za su sare hanya daga gada har gindin ɗorawa.

Aka zo kan rana. Liman ya ce ban da Juma'a. Filibus ya ce ban da Lahadi. Mata suka ce ban da ranar kasuwa. Aka tsayar da Asabar, da yammacin duk ranar da ta samu, don wata ya riga ya raba.

Malam bai ce "kowa ya yarda?" ba. Ya roƙi kowane ƙauye ya faɗi da bakinsa abin da aka tsayar da abin da zai kawo. Ba wanda ya ce "to". Wannan ya ce yashi, wancan ya ce bulo, mutanen coci suka ce suna da ragowar kwanon rufi, mata suka ce ruwa da abinci nasu ne. Ana tashi, Filibus ya duba hannun abokinsa, ba abin da ya saura na raken sai ɓawo a ƙasa.

Ranar Asabar kuwa, zo ka ga mutane. Masu kwaɓa ƙasa, masu jera bulo, masu saran hanya, ga ganga, ga waƙa cikin Kambarci da Hausa. Rauda ta sake dafa shinkafa da wake, wannan karon ko ƙanzo bai saura ba. Malam ya ɗauki kwanon yashi a ka har wuyansa ya sage, kuma duk wanda ya ce masa ga yadda za a yi, sai ya tsaya ya ji.

Duk da haka lokaci ya ƙure. Ruwan sama ya rushe musu bango ɗaya, suka sake tayar da shi. Ranar ƙarshen wata ta wayi gari rabin ɗakin ba rufi, ga Madam Agatha ta kira ta ce sun baro Kontagora.

Kowa ya shiga aiki, har Liman yana miƙa ƙusa. Malam ya hau can saman ɗakin yana riƙe wa kafinta kwano, idonsa na kan sabuwar hanya. Ana dukan kwano na ƙarshe sai aka ji ƙahon mota daga wajen gada.

Malam ya miƙe tsaye a kan rufin. Ya hango motar tana tahowa a hankali, da wani abu babba a baya an lulluɓe shi da tamfol. Murna ta kwashe shi, ya ɗaga hannu biyu ya ƙwala ihu da duk ƙarfinsa.

"Jama'a, ta iso! Injin ta iso!"

Mama Fure tana ƙasa da tulun ruwa. Ta sauke shi a hankali, ta ɗaga kai, ta sa hannu ta kare rana.

Ta ce, "Ya iso, Malam. Inji namiji ne."

Dariyar da aka yi, Madam Agatha ta ce tun daga cikin mota ta jiyo ta. Malam da kansa sai da ya zauna a kan kwanon yana share hawaye. Aka sauke injin da guɗa, kuma shinkafar Salome aka fara casawa.

Har yau mutanen wurin "ta" suke ce wa injin nan. Malam Muhyiddin ma haka yake cewa, kuma in ka gan shi zai shiga taro, ka duba aljihunsa, ba ka rasa guntun rake.

Darasi: In ka shiga taro, ka bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa, ka saurari abin da yake nufi, ka ƙyale tuntuɓen harshensa. Shirun mutane ba yarda ba ce, kuma ba kowace "to" ke nufin an amince ba. Ka nemi izini, ka taƙaita, ka tambayi abin da ba ka sani ba. Ku tura wannan labari ga 'yan ƙungiyarku da 'yan kwamitinku, musamman wanda kuka san yana bukatar rake. In kuma an turo maka shi ne, to, ka gane.